Saude Mai Kiran Suna

A unguwar Bulabulin ta Yerwa, a shekarun da Turawa ke shirin naɗe tabarmarsu, babu wanda bai san Saude mai waina ba. Wainar ba ta da laifi, amma bakinta ne ya yi mata suna. Ba ta zagi, ba ta gulma, ba a taɓa jin ta yi faɗa da maƙwabciya a kan kaza ko kwata ba. Laifinta ɗaya ne, kuma a wajen matan unguwa ya fi waɗancan duka: kowa da sunansa na yanka take kiransa.

Mijinta Garzali mai goro, lokacin yana da rai, in ta hango shi ya karyo kwana sai ta ɗaga murya, "Garzali, ga ruwan wankanka can yana hucewa!" Mata su kama haɓa, maza su yi kamar ba su ji ba. Shi kuwa bawan Allah sai ya amsa da na'am ya wuce ciki. Hausawan unguwa suka ce ta zubar musu da mutunci a gaban Barebari. Barebari suka ce ashe haka matan Kano suke. Masu ganin sun fi kowa sani suka ce zaman Gwalkwas ne ya lalata ta, ai duk wadda ta sha ruwan bakin teku kunyarta a can take barinta. Waɗannan sun yi kusa da gaskiya, sai dai ba su san ta inda abin ya bi ba.

Bakanuwa ce, haifaffiyar cikin birni. Da aka ɗaura mata aure Garzali ya tafi da ita Ankara, babban birnin Gwalkwas da yanzu ake ce wa Gana, inda yake zaune a zango tare da mahaifiyarsa. A can ta haifi 'yarta ta fari, aka raɗa mata Kaltum, sunan uwar miji. Ka ga kunya biyu ta haɗu a kan yarinya guda ke nan: 'yar fari ce, kuma mai sunan suruka. Saude ta riƙe al'ada da hannu bibbiyu. Ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta yi mata wasa, in za ta ba ta nono sai ta juya wa tsakar gida baya. In an tambaye ta ina yarinyar sai ta ce, "Wa? Oho, tana wajen kakarta." In kuma ya zama dole ta kira ta, "ke" ya wadatar. Alhali tana son yarinyar nan kamar ta buɗe ciki ta mayar da ita. Duk zangon ana kwatance da karar Saude.

A shekarar da aka fara yaƙin Hitila, da damina, wata rana bayan magariba tana kwashe tuwo, jaririnta Abdulsalami na goye a baya. Yarinyar, wadda ba ta wuce shekara biyar ba, ta shiga ɗakin kakarta ɗauko ludayi. Sai aka ji wani ruri ya taso daga ƙarƙashin ƙasa kamar manyan motoci sun jero. Turmi ya faɗi ya kama gangara, tukunyar miya ta kife a wuta, ƙasar da mutum ya taka tun haihuwarsa ta koma kamar bayan jaki mai tutsu. Gidan haya ne mai mata da yawa, kowacce ta kwarma ihu tana kiran nata. "Binta! Nasidi! Hassana, fito!" Yara suka yi ta fitowa a guje. Tsohuwa, wadda ita ce kullum mai kiran jikarta, ta durƙushe tana salati, ta manta da kowa.

Saude ta buɗe baki ta ce, "Ke! Ke yarinya, fito!"

To, a gidan da ke cike da yara mata, wace ce ba "ke" ba? Sunan yana nan kan harshenta, tana jin sa, amma harshen bai taɓa bin wannan hanyar ba, ga kuma mai sunan durƙushe a gabanta. Ta yi jinkirin da bai fi ƙiftawar ido ba. Ta yar da mara ta nufi ƙofar da kanta, bangon ya riga ta. Da aka tone, a bayan ƙyaure aka sami yarinyar a tsugune, da ludayin a hannunta.

Da ta kira sunan, da yarinyar ta fito? Allah kaɗai ya sani. Liman ya ce ajali ne, kuma gaskiya ya faɗa. Amma Saude ta kasa cire wa ranta cewa yarinyar ta tsuguna ne tana sauraro, tana jin ana kiran kowa, tana jiran nata. Wurin zaman makoki ba ta yi kuka ba, don uwa ba ta kukan ɗan fari a gaban jama'a. Mata suka riƙa cewa, "Kai, Saude akwai kara, ko hawaye babu." Wannan yabon ya ƙona ta fiye da in da zaginta suka yi, kuma ba ta daina jin zafinsa ba har ta tsufa.

Ta ce wa mijinta ita ba za ta ƙara damina a garin da ƙasarsa ba ta da amana ba. Suka dawo Kano, daga nan cinikin goro ya ja shi Yerwa, inda ya tambayi tsofaffi suka ce su dai tun kakanninsu ba su ji an ce ƙasa ta motsa a Barno ba. A bayan motar da ta kawo su ne ta fara. Ta dube shi a tsakiyar fasinjoji ta ce, "Garzali, miƙo min butar nan." Ya juyo a firgice, ya kalle ta, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce na'am, ya miƙa mata.

Tun daga nan ba ta ƙara sakaya sunan kowa ba, don ta yi wa kanta alkawarin harshenta ba zai sake cije mata ba ranar da ta buƙace shi. Ba ta kuma ƙara kwana a ƙarƙashin soro ba. Rumfar zana ta kafa a tsakar gida, rani da damina a nan take kwana, ko ruwa zai jiƙa ta. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma ma gudu yake yi. Dalili kuwa ba ta gaya wa kowa ba. Garzali ne kaɗai ya sani, shi ma ya tafi da saninsa. Ko Abdulsalami abin da ya sani shi ne ya taɓa yin yaya, ta rasu a Ankara.

A shekarar samun 'yancin kai, rediyon shagon Ajimi tela, wanda ke daura da inda take suya, ya kawo labarin girgizar ƙasa ta rushe wani gari a Maroko, mutane dubbai sun mutu. Nan fa masu jiran waina suka sami abin taunawa. Ajimi ya rantse bam ɗin da Faransawa suka tayar a hamada ne ya jawo. Wani tsoho mai yankan farce ya ce a'a, shi ya ji daga manya duniya a kan ƙahon wani sa take, in ƙaho ɗaya ya gaji sai ya juya ta kan ɗayan. Wani malami ya ce su bar shirme, aya ce daga cikin ayoyin Allah. Abdulsalami, wanda a lokacin ya zama saurayi yana aiki da masu haƙar rijiyar burtsatse, shi ma ya kawo abin da ya ji a wurin aiki. Ya ce can ƙasa akwai manyan duwatsu masu tsaga, kamar tukunyar da ta tsage, suna danne da juna shekara da shekaru, ranar da ɗaya ya zame sai duk abin da ke sama ya amsa. Ya waiwayo ya ce, "Inna, ki kwantar da hankalinki. Mu nan a kan rairayi muke, mun haƙa mun haƙa ba mu taɓo dutse ba. Sun ce ba ta zuwa irin ƙasarmu."

Saude ta juya wainarta ta ce, "Abdulsalami, a Ankara ma ba ta yi sallama ba." Sannan ta tambayi Ajimi, "Da wane lokaci ta zo musu?"

Ya ce, "Sun ce mutane na barci."

Ta ce, "Yara na ɗaki ke nan." Rannan, da sauran ƙullu a ƙwarya, ta sauke tanda ta shiga gida.

Ba a daɗe ba Abdulsalami ya auri Fanna, 'yar wani malami a unguwar Shehuri. Sai da aka kai ruwa rana kafin a ba shi, don labarin bakin uwarsa ya riga shi isa. Yarinya ce mai sanyi, mai ladabi, Hausarta irin ta Yerwa, wadda namiji da mace duk "ka" ne. Saude ta so ta tun ranar farko. Shekara na zagayowa Fanna ta haifi mace, aka sa mata Aisa. Kuma da yake Barebari ba su bar wa Hausawa kunya ba, Fanna ta ɗauki hanyar da Saude ta sani kamar tafin hannunta. Ba ta ɗaukar jaririyar a gaban mutane. In za ta ba ta nono sai ta juya baya. Da yarinyar ta fara tafiya, "ke" ta zama sunanta.

Daga nan Saude ba ta da sauran buri a duniya sai guda: kafin ta mutu ta ji Fanna ta kira 'yarta da bakinta. Ta bi ta da lallashi, ta bi ta da wasa. Sai ta ce, "Fanna, ni tsufa ya kama ni, wai wane suna ma aka sa wa jikar nan tawa?" Fanna ta rufe fuska da mayafi tana dariya, "Inna, kai ma ka sani." Wata rana ta aike ta, "Je ki kira min ita." Fanna ta je ta riƙo hannun yarinyar ta kawo ta, ba ta ce uffan ba. Wata rana kuma Saude ta fito fili, "Faɗi sau ɗaya mana, daga ni sai ke, ba mai ji." Fanna ta ce, "Inna, ka yi haƙuri, a gidanmu ba a yi." Abdulsalami ya sha cewa, "Inna, ki ƙyale yarinyar nan, ga ki nan kina kiranta safe da yamma, me ya rage?" Sai ta ce, "Ni zan dawwama ne?" Shi dai ya ɗauka rigimar tsufa ce.

Aisa na da shekara uku suka koma Maisandari, inda ya sami fili ya yi gini. A shekarar ne aikin hanyar jirgin ƙasa ya iso Yerwa, dogo ya bi ta can bayan unguwa. Saude ta san jirgi, ta shige shi a ƙuruciyarta, amma rabonta da jin motsinsa ya fi shekara ashirin, kuma ba wanda ya gaya mata ranar da zai fara wucewa. Da hantsi ne. Gwaggon Fanna, Ya Falmata, ta zo daga Shehuri ganin sabon gida, suna zaune a tsakar gida ana gaisawa. Aisa na cikin ɗaki tana wasa. Sai Saude ta ji shi a tafin ƙafarta tun kafin kunnenta ya ji. Kwanonin jeren Fanna suka fara kaɗawa a jikin bango, ruwan randa ya kama rawa, ga ruri na tasowa daga nesa.

Ta zabura za ta miƙe, gwiwa ta ƙi. Fanna ce kusa da ƙofar. Saude ta ce, "Yarinyar! Kira ta! Kira ta!"

Fanna ta dubi gwaggonta, ta dubi ƙofa, ta ce a hankali, "Ke, fito."

Saude ta kurma ihun da aka ji har gida na uku. "Aisa! Aisa! Aisa!" Yarinyar ta fito a guje ta faɗa jikinta tana kuka. A daidai nan jirgin ya busa usur ɗinsa, yaran unguwa suka kwasa a guje suna murna za su je kallo. Ya Falmata ta fashe da dariya har da riƙe ciki.

Da Saude ta yi dariyar ita ma, da shi ke nan. Amma idonta ya rufe. Ta rarrafa ta cafko hannun Fanna ta girgiza ta, "Ke ba ki da baki ne? Wace irin uwa ce ke? 'Yarki na ɗaki, kina tsaye kina min kunyar banza!" A gaban gwaggonta ta faɗi haka, ga maƙwabta sun leƙo. Dariyar Ya Falmata ta ɗauke. Ta miƙe ta gyara mayafi ta ce su ba su haifi 'ya don a koya mata rashin kunya da duka ba, dama an gaya musu. Kafin Abdulsalami ya dawo daga aiki ta tasa Fanna da Aisa gaba sun tafi Shehuri.

Ya je biko aka ce ya koma, sai ya raba matarsa da uwarsa tukuna. Ya tura abokin mahaifinsa, aka ba shi ruwa ya sha aka sallame shi. Gidan ya yi tsit.  Saude ta san ta yi laifi. Ta kuma san in aka raba su, ta rasa jikar, ta rasa abin da take nema.

Rannan da la'asar ta ɗauki sandarta ta tafi Shehuri da ƙafarta. Uwar miji ta zo biko, abin da ba a saba gani ba, har Ya Falmata ta rasa ta inda za ta fara faɗa. Saude ta gaishe ta, ta ba ta haƙuri, ta roƙi a bar ta da Fanna su biyu. Aka nuna mata ɗaki. Soro ne mai azara. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga kai ta dubi rufin, sannan ta yi bisimilla ta shiga.

Ta zauna a ƙasa, ba ta yarda ta hau tabarma ba. Ta ba Fanna labarin zango tun daga tuwon har zuwa bayan ƙyaure, da yabon da aka yi mata a wurin makoki. Ta ce, "Ni ma irinki ce, Fanna, har na fi ki. Ban ce kunya ba ta da kyau ba. Amma ni na ga ranar da ta tsaya min a maƙogwaro. Na san sun ce ƙasar nan ba ta motsi. To, wuta fa? Rijiya fa? Ba ƙasa kaɗai ke zuwa babu sallama ba. Abin da na yi miki ban kyauta ba, ki yafe min. Ki dawo ɗakinki, na yi miki alkawari ba zan ƙara ce miki ki faɗa ba."

Fanna ta ɗago kai ta dube ta. Can ta ce, "Inna, mene ne sunansa?" Yarinyar da ta rasu take nufi.

Sai ga mai kiran sunan kowa ta yi shiru. Ashe duk shekarun nan akwai suna ɗaya da ba ta taɓa furtawa ba. Masu irin sunan suna da yawa a Yerwa, suna sayen wainarta, amma su kaɗai take ce wa "'yata", kuma ba wanda ya taɓa lura. Ta buɗe baki ta rufe. Ta sake buɗewa, muryar ta fito a dishe.

"Kaltum."

Daga nan kukan da ba ta yi a zango ba ya zo. Fanna ta tashi ta tura ƙyaure don kada a ji, ta dawo ta zauna kusa da ita ta riƙe mata hannu, har aka kira magariba.

Washegari Fanna ta dawo Maisandari. Kada ka ce wani abu ya canza a idon mutane. In ta so yarinyar, "ke" ce dai kamar da. Saude ta cika alkawari, ba ta sake tayar da maganar ba, ko da yake duk lokacin da ta ji "ke" ɗin nan sai ta runtse ido. Ta koma suyarta a ƙofar gida, jirgi ya riƙa wucewa, ta koyi zama daram tana jin sa a ƙafarta. Ta fara gaya wa kanta wataƙila haka za ta mutu ba ta ji ba.

Wata safiya itace ya ƙare mata tana tsakiyar suya, ta shigo ɗauka. Ba takalmi a ƙafarta, ba wanda ya ji shigowarta. Itacen na jingine da zanan bayan gida, inda Fanna ke yi wa yarinyar wanka. Ta sunkuya ke nan ta ji murya ƙasa-ƙasa, kamar mai taɓa ruwa ya ji ko ya yi zafi.

"Aisa."

Shiru. Sai ƙarar ruwa a kwano. Sannan aka sake, wannan karon da ɗan ƙarfi.

"Aisa."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya ta ce, "Lah! Ashe kin san sunana?"

Saude ta ajiye itacen a hankali yadda ba zai yi ƙara ba. Ta ja da baya a kan yatsun ƙafa har zaure, ta zauna a dakali ta toshe bakinta da gefen zane. Wainar da ke tanda ta ƙone, tana jin ƙaurinta ba ta tashi ba. Sai da ta ji an zubar da ruwan wanka, sannan ta goge fuska, ta miƙe, ta yi sallama da ƙarfi ta shiga.